Dokta Venkataswamy: Ma'aikacin Gwamnatin da Ya Ɗaura Yaƙi da Makanta

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)





Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan aiki da hidimar jama'a, ya kuma bar mini zaɓin hanyar da zan bi. Da na duba sai na ga cewa in tsaya a gaban malaman da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kanmu in ce zan koya musu ma'anar hidima, rashin ta-ido ne. Saboda haka na zaɓi in kawo tarihin mutum ɗaya, mu duba shi tare, kowa ya tsinci abin da zai tsinta.

Mutumin nan likitan ido ne ɗan ƙasar Indiya, sunansa Dokta Govindappa Venkataswamy, amma saboda tsawon sunan mutanensa ma Dokta V suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi. Ni ma'aikacin ofis ne, kuma da idon ma'aikacin ofis na karanta tarihinsa. Abin da ya ja hankalina shi ne, shi ma albashin gwamnati ya ci kamar yawancinmu har ya yi ritaya, kuma babban abin da ya bar wa duniya tsari ne na tafiyar da aiki, wanda ni da ku za mu iya fahimta ko da ba mu taɓa riƙe almakashin tiyata ba.

Mece ce yanar ido?

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata mu san abokin gabar da ya yaƙa. Hausawa na cewa ciwon ido sai haƙuri. Wannan karin magana ya yi wa tsofaffinmu da yawa illa, domin akwai ciwon idon da haƙuri ba ya ƙara masa komai sai duhu.

A cikin idon kowane mutum, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi garau wanda haske ke ratsawa kafin mu ga abu. Idan shekaru suka ja sai ya soma dusashewa, kamar ƙwan fitilar da aka daɗe ba a goge ba. Da farko mutum zai riƙa gani hazo-hazo, daga baya ya kasa gane fuska, a ƙarshe sai bambancin dare da rana kawai. Wannan ita ce yana, kuma ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Ba ta jin maganin ɗigawa, ba ta jin tozali. Maganinta aiki ne: a kashe zafin wurin da allura, a cire madubin da ya dusashe, a sa na roba a madadinsa. A hannun ƙwararre aikin bai cika wuce minti 15 zuwa 20 ba, washegari a cire bandeji mutum ya ga jikokinsa.

To, tunda abin haka yake, me ya sa miliyoyin mutane ke zaune cikin duhu saboda ita? Wannan ita ce tambayar da Dokta V ya ƙarar da rayuwarsa yana amsawa.

Tasowarsa da jarrabawar da ta same shi

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1918, a wani ƙauye da ake kira Vadamalapuram a kudancin Indiya, cikin jihar da yanzu ake kira Tamil Nadu. Ɗan manoma ne, kuma shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Tun yana yaro ya ga mata 'yan uwansa suna mutuwa wajen haihuwa saboda babu likita a kusa, don haka ya ƙudurta zai zama likitan mata. Ya gama karatun likita a Kwalejin Stanley da ke birnin Madras, wato Chennai ta yanzu, a 1944, ya shiga aikin likitan soja a 1945.

A 1948, yana da shekara 30, sai ciwon amosanin gaɓɓai mai tsanani ya kama shi. Aka sallame shi daga soja, ya yi fiye da shekara yana kwance, ko alƙalami ba ya iya riƙewa. Da ya tashi, yatsunsa sun lanƙwashe, kuma haka suka zauna har ƙarshen ransa, ga ciwo kullum. Burin zama likitan mata ya tafi ke nan.

Jama'a, ku dubi abin mamaki. Mutumin da yatsunsa suka karkace sai ya koma ya karanci aikin ido, aikin da ya fi kowane buƙatar hannu mai natsuwa. Ya yi ta horar da yatsun nan har suka saba da riƙe kayan tiyata, kuma kafin ya ajiye aiki ya yi wa mutane aikin ido fiye da sau 100,000 da hannunsa.

Shekara ashirin a aikin gwamnati

A 1956 aka naɗa shi shugaban sashen ido na Kwalejin Likitanci ta gwamnati da ke birnin Madurai, ya riƙe wannan muƙami shekara 20. A nan ne ya lura da wani abu da mu ma'aikata ya kamata mu riƙe. Layin marasa lafiya a asibitinsa ba ya yankewa, wanda hakan ya isa ya sa mutum ya ce ai yana iyakar ƙoƙarinsa. Shi kuwa sai ya riƙa tunanin waɗanda ba su cikin layin: tsohuwar da ke ƙauye mai nisa, ba ta da kuɗin mota, ba ta da mai rako, ba ta ma san ana warkewa ba.

Saboda haka tun farkon shekarun 1960 ya fara kwasar ma'aikata da kayan aiki yana shiga ƙauyuka, a mai da ajin makaranta ko zauren taro wurin duba ido, a tara jama'a a yi musu aiki kyauta. Ya kuma buɗe wurin koya wa makafin da ba za su warke ba sana'a. Daga baya ya kafa wata cibiya inda ake kwantar da yaran da tamowa ke neman makantarwa saboda ƙarancin sinadarin bitamin A, a ciyar da su, a kuma koya wa iyayensu mata yadda za su haɗa abinci mai gina jiki da ganyayen da ke kusa da su.

A 1965 ya haɗu da wani Bature ɗan Ingila, Sir John Wilson, wanda shi kansa makaho ne. Wilson ya rasa idanunsa yana ɗan shekara 12, a wani haɗari da ya faru a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantarsu. Shi ne ya kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Sightsavers a 1950, ƙungiyar da ta daɗe tana aiki a nan ƙasar tamu, musamman wajen yaƙi da makantar bakin kogi da amodari. Abotar mutanen nan biyu ta sa Dokta V ya daina kallon makanta a matsayin matsalar lardinsa kawai. A 1973 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri.

Gado goma sha ɗaya

A 1976 ya cika shekara 58, doka ta ce ya yi ritaya. A shekarun da mu muke lissafin fansho da giratuti da gonar da za mu koma, shi sai ya buɗe asibitin ido a wani gidan haya a Madurai, da gado 11 kacal, ya sa masa suna Aravind, don girmama wani malamin addininsu da yake bi, Sri Aurobindo. Bankuna suka ƙi ba shi rance, sai da shi da 'yan uwansa suka jinginar da kadarorinsu, har da gwala-gwalan matan gidan. Ƙanwarsa Dokta Natchiar da mijinta Dokta Namperumalsamy, dukansu likitocin ido, suka zo suka kama masa. Shi kansa bai taɓa aure ba. Asibitin nan shi ne gidansa.

Daga gado 11 ɗin nan aka buɗe reshe a Theni a 1985, da Tirunelveli a 1988, da Coimbatore a 1997, da Pondicherry a 2003. Dokta V ya rasu ranar 7 ga Yuli, 2006, amma aikin bai tsaya ba. A shekarun baya-bayan nan asibitocin Aravind na yin aikin ido fiye da rabin miliyan a kowace shekara, kuma wajen rabin waɗanda ake yi wa aikin ba su biyan komai ko kuma suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk da haka asibitin yana riƙe da kansa, har ya sami rarar gina sababbin rassa.

Yaya aka yi haka ta yiwu?

Wannan shi ne gundarin jawabina, ina roƙon a ba ni aron kunne.

Abu na farko, ya raba aiki. Dokta V ya taɓa ganin yadda kamfanin sayar da abinci na McDonald's a Amurka ke dafa abu iri ɗaya, da inganci iri ɗaya, a dubban shaguna, sai ya ce me zai hana a yi wa aikin ido irin wannan tsari. A Aravind likita ba ya ɓata lokaci kan abin da wani zai iya yi. Ana ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka waɗanda suka gama sakandare, a horar da su shekara biyu, su ne ke gwajin gani da auna ido da shirya majiyyaci da yi masa bayani. A ɗakin tiyata likita na zaune tsakanin gado biyu, na'urar hangen nan tana juyawa hagu da dama. Yana gama na dama, an riga an shirya na hagu. Da wannan tsari likita ɗaya kan yi aiki wajen 2,000 a shekara, alhali takwarorinsa a sauran asibitocin ƙasar 'yan ɗaruruwa suke yi. Kuma ana rubuta sakamakon aikin kowane likita, a zauna a duba inda aka sami matsala, don kada sauri ya haifi nawa.

Abu na biyu, mai hali ya ɗauki nauyin marar hali, ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Majiyyaci shi ke zaɓar ɓangaren da zai shiga, na kuɗi ko na kyauta, kuma ba a tambayarsa takardar shaidar talauci. Mai biya yana samun ɗaki mai kyau da sauran jin daɗi, amma likitocin su ne dai ke zagayawa tsakanin ɓangarorin biyu. Mai kuɗi na zuwa ne saboda aikin yana da kyau, kuɗinsa kuma ya buɗe idon talaka.

Abu na uku, da kaya suka yi tsada sai suka ƙera nasu. Madubin robar nan da ake sawa a ido, a shekarun 1980 daga ƙasashen Turawa ake sayo shi, guda ɗaya dala 100 ko fiye. Talaka ba ya iya saye, sai a cire masa yana a ba shi wani tabarau mai kaurin gindin kwalba, in ya fashe ko ya ɓata ya koma gidan jiya. A 1992 Aravind ta kafa masana'antarta mai suna Aurolab, farashin ya faɗo ƙasa da dala 10, kuma yau ana sayar da kayanta a ƙasashe fiye da 100.

Abu na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran, shi ne ba su yarda da yabon kansu ba. Tun da wuri suka lura cewa mutane da yawa da aka ce su zo a yi musu aiki kyauta ba su zuwa. Ba su ce jahilci ne suka rufe fayil ba, sai suka bi su gida suka tambaya. Ashe kyautar ba kyauta ba ce: akwai kuɗin mota, da abincin kwanakin jinya, da ɗan rakiyar da zai bar gonarsa, ga kuma tsoro. Sai asibitin ya ɗauki nauyin mota zuwa da dawowa, da abinci, da wurin kwana, aka riƙa tafiya da mutanen ƙauye ɗaya a ƙungiyance don su zama 'yan rakiyar juna. Har ila yau, a ƙarshen shekarun 1990 wani bincike da aka yi da haɗin kansu ya nuna cewa duk da shaharar zagayen ƙauyukan nan, kimanin kashi 7 cikin 100 ne kawai na masu matsalar ido ke fitowa. Wani zai ɓoye irin wannan sakamako a durowa. Su kuwa sai suka fara buɗe ƙananan cibiyoyin duba ido na dindindin a karkara tun daga 2004, inda ma'aikaciya ke duba mutum, likita kuma ya gan shi daga birni ta kwamfuta.

Mu dawo gida

Wani zai ce ai wannan labarin Indiya ne. To, ga namu. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a duk faɗin Nijeriya. An gano cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya a lokacin. Kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar, kuma yana kaɗai ita ke da kashi 43. Arewa maso gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1, kudu maso yamma kuma ta fi ƙaranci da kashi 2.8. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka soka musu allura suka tura yanar ciki, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su sami gani mai amfani ba.

Me ya sa tsoho ke miƙa idonsa ga mai allura? Domin shi mai allurar har ƙofar gida yake zuwa, yana jin yarensa, yana karɓar akuya ko hatsi. Asibitoci kuwa muna da su: ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, ga sassan ido a asibitocin koyarwa, ga kuma asibitin ido na gidauniyar Tulsi Chanrai a Abuja wanda aka kafa da haɗin gwiwar ita Aravind ɗin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai cike tazarar da ke tsakanin ɗakin tsohuwa da ƙofar asibiti.

Kada mu manta kuma, makantar mutum ɗaya mutum biyu take ci. Duk inda ka ga makaho da sanda, dubi ɗaya bakin sandar, za ka ga yaro ɗan jagora wanda ya kamata a ce yana aji a wannan lokaci. Mu da muka ci albarkacin wannan makaranta mun fi kowa sanin abin da yaron nan ke rasawa.

Shawarwari ga ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ina miƙa wa Shugaba da majalisarsa shawarwari huɗu.

Na ɗaya, kowannenmu in ya je gida ya zauna da tsofaffin gidansu ya lura. Wadda ta daina tsintar shinkafa, da wanda ya daina fita sallar asuba sai da rako, a kai su a duba. Mu kanmu, duk wanda ya doshi 40 ya je a auna masa ido, domin akwai hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye ba ciwo, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Na biyu, ƙungiya ta ware rana ɗaya a shekara. Ranar Gani ta Duniya tana faɗowa ne a Alhamis ta biyu ta watan Oktoba, ta dace da wannan. Likitocin cikinmu su nemo mana asibitin da za mu yi yarjejeniya da shi, masu aiki a ƙananan hukumomi su haɗa mu da hakimai da dagatai da limamai, 'yan kasuwarmu su ɗauki mota da abinci. Mu fara da gunduma ɗaya, wadda makarantar nan take cikinta.

Na uku, a gwada ganin ɗaliban makarantar nan a farkon kowace shekara. Allon gwaji ne kawai a bango, yaro ya tsaya nisan mita 6 ya karanta. Malamanmu sun sani, akwai yaron da ake ɗauka ba ya ganewa, alhali allo ne ba ya gani, tabarau ɗaya ya ishe shi.

Na huɗu, idan mun zo ba da rahoto baɗi, kada mu ƙirga yawan kujerun da aka jera ko manyan baƙin da suka halarta. Mu ƙirga mutum nawa aka gano, nawa aka yi wa aiki, nawa suka koma aka sake duba su, nawa ne kuma ba su zo ba, da dalilin da ya hana su.

Kammalawa

'Yan uwa, yawancinmu muna zaune ne a bayan tebur, kuma a kan kowane tebur akwai layin masu jira. Tarihin Dokta V ya nuna cewa sallamar layin nan rabin aiki ne. Sauran rabin yana wurin waɗanda hanya ko talauci ko tsoro ya hana su isowa. Shi ya fara neman su yana ma'aikacin gwamnati mai ciwon hannu, ya ci gaba bayan ritaya da gado 11. Mu muna da lafiya, da sauran ƙuruciya, da ƙungiya mai mutane a kusan kowace ma'aikata.

 Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke raye, Allah ya ƙara musu lafiya da hasken ido, ya ba mu ikon saka musu da alheri. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.